Mudi Kunci-Ɗaya da Ƙwaryar Juji

A Malumfashi, a zamanin da dawakin Maraɗi ke saukowa kudu kusan kowane rani suna kwasar mutane kamar masu roron gyaɗa, an yi wani masaƙi ana ce masa Mudi. Ba shi da sarauta, ba shi da garke, karatunsa ma bai wuce na salla ba. Amma fa sananne ne. In ka shigo gari ka ce Mudi kake nema, sai a ce maka wanne daga ciki. In kuwa ka ce Kunci-Ɗaya, ko akuyar unguwa ta raka ka har rumfarsa.

Dalilin sunan nan a fuskarsa yake. Ka san a wancan lokaci fuskar mutum ita ce takardarsa. Ranar suna wanzami zai zo da zabirarsa, ya yi wa jariri tsagar gidan ubansa dama da hagu, ya shafa baƙin tukunya, shi ke nan an rubuta shi. Ko bayan shekara ashirin aka gan shi ɗaure a kasuwar wata ƙasa, wani falke zai dube shi ya ce, ai wannan ɗan gidan su wane ne, a aika wa danginsa su zo su fanshe shi. To shi Mudi gajerun tsage huɗu gare shi a kuncin hagu, na dama kuwa sumul kamar bayan ludayi.

Labarin da ya tashi da shi gajere ne. Wani mai sayen auduga, Malam Shitu, yana dawowa daga wajen Maska da jakunansa sai ya ji ƙarar kofato, ya saki hanya ya faɗa daji. Ya kwana biyu yana bulayi bai san gabas ba, har ya ɓullo a wani ƙauye da aka ƙone ƙurmus, ba kowa sai hayaƙi. A nan ya ji kukan jariri. Ya ɗauko shi da ɗanyar tsaga a kunci ɗaya, ya kawo wa matarsa Shafa'atu, wadda ke goyo a lokacin, ta haɗa shi da 'yarta a nono. Sunan ƙauyen, Malam Shitu bai sani ba. Hanyarsa ma, har ya koma ga Allah bai iya sake gano ta ba. Abin da aka faɗa wa Mudi shi ne a gindin wata kanya aka tsince shi, kuma kowa ya yarda cewa wanzamin yana cikin aiki mahara suka faɗo, ya gama kunci ɗaya ya ranta a na kare.

Mudi ya girma da wannan, ya saba da tsokana kamar yadda ake sabawa da ƙaiƙayin gero. Ya koyi saƙa, ya iya ta ƙwarai. Abin da aka fi saninsa da shi a rumfar masaƙa shi ne haƙuri da zare. In zaren tsaye ya tsinke, wani sai ya ƙulla duk bakin da hannunsa ya kai. Shi kuwa sai ya ajiye ƙoshiyar saƙa, ya tashi ya bi zaren taki-taki har ya sami ainihin bakinsa. Yakan ce ƙullin ƙarya ba ya ɓuya, ranar wanki yake tona kansa.

Yana da shekara talatin, an gama girbin dawa, matarsa Hansai tana da cikin fari na wata huɗu, sai wata ranar kasuwa ya je aski wajen Mati wanzami. Mati abokin wasansa ne, bakinsa ya fi askarsa kaifi. Ya jiƙa masa kai, ya danƙwafar da shi, sannan ya ce:

"Kunci-Ɗaya, na ji an ce tuwon gidanka ya fara karɓar Hansai."

Mudi ya ƙara sunkuyar da kai don kunya.

"Daina noƙewa kada in cire maka kunne, ka koma Kunne-Ɗaya. Ni ba gulma na zo yi ba, aikina nake tambaya. In Allah ya sauke ta lafiya, ranar bakwai na zo da aska, wace tsaga zan yi?"

Sai ka ce an kwara wa Mudi ruwan randa. Shekara talatin yana ɗauke da rabin fuska, bai taɓa tunanin wata rana za a tambaye shi sauran ba.

Mati ya ci gaba yana aski yana lissafo masa hanyoyi. Tsagar gidan Malam Shitu ba ta samuwa, don tun ranar rabon gado 'yan'uwan marigayin suka faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa riƙo daban, jini daban. A bar fuskar haka nan kuwa, a wannan zamani na hari, daidai yake da sakin akuya ba igiya: in aka ɗauke yaro ba mai cewa ga gidansu. "Abin da ya fi sauƙi," in ji Mati, "in dubi na hagunka in kwaikwaya, huɗu nan huɗu can. Wa zai ce ba haka ba ne?"

"Kai ka san haka ne?"

"Ban sani ba. Amma hankali ai yana ƙarasa abin da aska ta bari."

"To in a dama biyar ne fa? In akwai ta goshi fa?" Mudi ya shafa kansa ya miƙe. "Ba za a yi wa ɗana ƙullin ƙarya a fuska ba, Mati. Zan nemo bakin zaren."

Da la'asar ya shiga ɗakin Inna Shafa'atu, wadda tsufa ya riga ya kama, ya zauna bakin ƙofa. Hansai na gefe tana taya ta gurzar auduga. Ya ce, "Inna, ki sake ba ni labarin nan. Kanyar nan, babba ce? Akwai dutse kusa? Akwai rafi?"

Tsohuwar ta daɗe tana juya ƙarfen gurza a hannu. Can ta ce wa Hansai ta taka turmi ta sauko mata da wani ƙunshi daga saman jinka. Aka kwance tsumma, sai ga wata tsohuwar ƙwarya, ta yi baƙi da hayaƙi, fasasshiya, an ɗinke tsagin da kaba.

"A cikin wannan aka kawo ka," in ji Inna. "Kuma babu wata kanya, ɗan nan. Ni na dasa ta da bakina. A kan juji Malam ya tsince ka, a bayan gari, cikin toka da ɓawon gyaɗa. Muka ce in mutane suka ji, ka san abin da za su kira ka. Shi ya sa muka rufe."

Ba sai an faɗa ba, kowa ya san irin jaririn da ake yarwa a juji: wanda ba a son a san ubansa. Ashe ba wanzami ne ya gudu ba, uwa ce ta yar. Mudi ya kama ƙyaure zai fita, sai Hansai, wadda ba ta cika magana gaban surukarta ba, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba:

"Inna, wanda za a yar, ana kira masa wanzami?"

Hansai ta jawo ƙwaryar gabanta.

"Kuma dubi ɗinkin nan," ta ce tana shafa ƙwaryar. "Mai yarwa ba ta tsayawa ɗinki."

Wannan magana ita ta mayar da Mudi kan ƙafafunsa. Washegari ya koma wajen Mati ya ce ya dubi tsagar da idon sana'a, ba da idon tsokana ba. Zancen juji kam bai faɗa masa ba, ya haɗiye abinsa. Mati ya juya shi wajen haske, ya ja fatar da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ka ga ikon Allah. Shekara nawa ina aske kan nan ban lura ba. Mu in mun ja aska, kanta ke nutsewa, gindinta ya fita siriri, ta karkata wajen baki. Taka wajen kunne ta karkata. Wanda ya yi wannan bahago ne. Wanzami bahago kuwa ba shi da yawa, don ba kowace uwa ke miƙa masa jariri ba. Ka bi kasuwanni, ka bar masu rawani da masu goro, ka nemi inda wanzamai ke zama. Mu muka san gidan kowa."

Mudi ya naɗe 'yan zannuwan da ya saƙa don guzuri, ya sa ƙwaryar a burgami, ya ɗauki gora da sanda. Hansai ta raka shi bakin zaure ta ce, "Maigida, ruwan farko nake sa rai. Ka dawo kafin a yi shuka."

A Kafur ya fara. Wanzaman can suka kewaye shi suna juya fuskarsa kamar masu tayin kabewa. Ba su san bahago ba, amma ɗayansu ya san wani gida a wani ƙauye yamma da gari masu gajerun tsage huɗu-huɗu. Mudi ya kwana bai runtsa ba, da sassafe ya kama hanya. Mutanen kirki ne. Suka dama masa fura, maigidan ya zauna ya ƙirga masa duk wanda hari ya ci musu tun zamanin kakansa, ɗaya bayan ɗaya, da yatsun hannu da na ƙafa. Babu jariri a ciki.

"Amma mene ne abin wahala?" in ji maigidan. "Ga huɗu a fuskarka, ga huɗu a tamu. An kwashe mana maza, muna neman hannu. Ka ce kai namu ne, mu ce haka ne. Wa zai ƙaryata?"

Wallahi maganar ta shige shi. Ga dangi a shimfiɗe kamar tabarma, sai dai ya zauna. Ya dubi kumatun mutanen ɗaya-ɗaya: tasu duk wajen baki ta karkata. Ya yi godiya, ya bar musu zane guda, ya ɗauki sandarsa.

Haka ya yi ta bi, kasuwa bayan kasuwa, ƙauye bayan ƙauye, yana yin kudu. Wani ya ce ya taɓa jin labarin bahago amma maƙeri ne. Wani ya aika shi tafiyar yini biyu wajen wani wanzami, ya je ya tarar ba bahago ba ne, hannun damansa ne ya karye bara. Takalmansa suka tsinke, ya ɗaure da igiyar rama, suka sake tsinkewa ya jefar. Zannuwa suka ƙare, ya riƙa tsayawa a rumfar masaƙan gari ya yi musu kwana uku a bakin abinci, ya wuce. Wata biyar suka shuɗe. Zafi ya sauko, bishiyoyi suka fara toho, kowace yamma yana duban gabas yana ganin gajimare na haɗuwa yana watsewa.

A kasuwar Maska ne wani tsohon wanzami mai yin ƙaho ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Jibo Bahago kake nufi? Yana Funtuwa wajen 'yarsa, in bai mutu ba. Sai dai ba zai gan ka ba, idanun sun tafi."

Funtuwa a lokacin ba wani gari ba ne, 'yan gidaje ne a gindin duwatsu. Ya sami Jibo zaune a inuwar rumbu da hantsi, ƙashi da fata, yana tufkar igiya da hannun hagu. Mudi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Matso. Kawo fuskar."

Yatsun tsohon suka hau kuncin dama, suka zame ba su sami komai ba. Suka koma na hagu, suka tsaya. Ya bi tsagen ɗaya bayan ɗaya, sama zuwa ƙasa, ya sake bi.

"Hannun kamar nawa," ya ce. "A ina aka tsince ka?"

"A gindin wata kanya, Baba."

Tsohon ya janye hannunsa ya koma kan igiyarsa. "To ba kai ba ne. Allah ya haɗa ka da naka."

"Baba, ai yanzu ka ce hannunka ne."

"Na ce kamar. Yaron da na yi wa wannan ba a gindin kanya aka ajiye shi ba. Tashi, rana na yi."

Mudi ya miƙe. Har ya kai bakin danga. Wata biyar yana yawo da maganar nan a ƙulle a cikinsa, ko wa Mati bai faɗa ba, yanzu kuma ga 'yar tsohon tana daka a tsakar gida, ga maƙwabta biyu sun leƙo. Ya tuna ƙullin ƙarya da ranar wanki. Ya juyo, ya koma ya durƙusa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"A juji aka tsince ni. Cikin fasasshiyar ƙwarya."

Jibo ya saki igiyar, ya fashe da dariya har da tari. "Ja'iri! Ka zo neman gaskiya da ƙarya a baki? To ai jujin shi ne sunan ubanka! Zauna."

Sai ya warware masa. "Ni ban taɓa gudu na bar aiki ba, ka faɗa wa masu cewa haka. Aikin nan a gamme yake, haka aka ce in yi. Uwarka wabi take yi. 'Ya'ya huɗu ta haifa, duk ni na yi musu tsagar gida, duk ba wanda ya kai yaye. Iyayenka Maguzawa ne, suka ce wata iska ce ta gane tsagar gidan, da ta gani sai ta ɗauke. Da aka haife ka aka ce in yi maka wadda ba ta kowa ba, a kunci ɗaya, guda huɗu, adadin waɗanda suka tafi. Sannan a kai ka juji a ajiye kamar ba a so, don iskar ta zo ta ga shara ta wuce. Ungozoma kuma ta ɓullo ta hanya kamar baƙuwa, ta tsince ka, ta kawo gida ta ce ga abin da ta samu, ko akwai mai so. Na karɓi cinyar akuyata na kama hanya, ban kai rafi ba na ji ihu."

Da Mudi ya bi shawarar Mati, da an rubuta wa ɗansa lissafin matattu a fuska.

"Baba, tsagar gidan fa? Sunan maigidan fa?"

Tsohon ya murza goshi. "Cinyar akuyar ina tune da ita, mai kitse ce. Sunan kuwa ya bi idanuna. Gidaje ɗari na yi wa aski, tsagensu sun cakuɗe mini, ba zan faɗa maka abin da ban tabbata ba. Amma ungozomar tana nan da rai bara. Tsohuwa ake ce mata tun tana yarinya. Waɗanda suka tsira sun koma bayan dutsen can na yamma. Tafiyar yini ce ga mai ƙafa."

A rabin yini Mudi ya yi ta. Ya tarar da gidaje shida a tsakiyar gonaki, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, ana ta gyaran gona ana ƙona kara. Da ganin rigarsa da hularsa wani ya yi kira, "Ga wani Malam nan, a kawar da tulun giya!" Aka yi dariya. Ya ce Tsohuwa yake nema. Aka nuna masa wata 'yar ƙanƙanuwar mata a gindin ɗorawa tana ɓarzar kalwa.

Ya gaishe ta. Ya buɗe burgami ya ajiye ƙwaryar a gabanta. Ta ɗauka, ta juya ta, ta kai ɗinkin kusa da idonta, ta bi shi da farce. Sannan ta ɗago ta dubi kuncinsa na hagu.

"Na faɗa musu," ta ce. "Shekara talatin ina faɗa musu. Suka ce kura ce. Na ce kura ba ta tafiya da ƙwarya." Sai ta kwarma kira da muryar da ba ka ce daga jikin nan ta fito ba: "Labo! Labo! Fito ga Ajuji ya dawo!"

Wani dogon dattijo ya taho daga gona, warkin fata a gindinsa, fartanya a kafaɗa. Mudi bai ga warkin ba, bai ga fartanyar ba. Fuskar kawai ya gani: dogayen tsage uku-uku daga gefen ido har haɓa, da wata 'yar gajera a tsakiyar goshi. Labo ƙanen ubansa ne. Uban, Nomau, a ranar harin ya faɗi a bakin ƙofarsa da baka a hannu. Uwar kuwa an tafi da ita, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Mudi ya matsa zai kama hannun baffansa, sai Tsohuwa ta sa muciya ta tare tsakaninsu.

"A'a. Ba ka shigo gidan nan ba tukuna. Ni na ajiye ka, na zaga bayan dutse don in ɓullo ta hanya, dawakai suka riga ni. Aikina bai ƙare ba. Wuce juji."

"Kaka, da girmana? Da rigata?"

"Au, angon nawa ya yi girma? Cire rigar in ita ce ta fi ka. Ni ban ce ka yi wa kowa yanka ba, ban ce ka sha komai ba. Zama kawai."

Mudi ya auna abin a ransa, bai ga inda ya taɓa sallarsa ba. Ya tattare rigarsa, ya je bayan gida, ƙato da gemu, ya hau kan toka da ɓawon gyaɗa ya zauna, ƙwaryar a cinyarsa. Mutanen gidaje shida suka fito suna ƙyaƙyata dariya. Tsohuwa ta zaga ta bayan rumbuna a hankali, ta ɓullo ta hanya tana dogara sanda tana kallon sama kamar mai wucewa. Ta zo daidai shi ta yi turus.

"Kai! Wa ya yar da wannan mummunan abu?" Ta kama shi a wuyan hannu ta ja, ya biyo ta har ƙofar Labo. "Masu gida, na tsinci wani abu a juji. Ba shi da kyau, ga ci. Akwai mai so?"

Labo ya buɗe baki zai ba da amsar da aka saba, ta raini, sai muryar ta ƙi fita. Dariyar mutane ta mutu. Da ƙyar ya ce, "Ajiye shi nan. Ma ga abin da za a yi da shi."

Aka kamo kaza aka miƙa wa Mudi wuƙa ya yanka da kansa, don sun san Malam ba ya cin yankansu. Ana cikin ci ya tambayi sunan uwarsa. Aka dubi juna. Daga hayin rafi aka auro ta, Ta-Hayi kowa ke kiranta, ƙauyen iyayenta kuma rana ɗaya aka ƙone shi da nasu. Ko Tsohuwa ba ta san sunanta na yanka ba. Wannan bakin zaren bai samu ba, har abada.

A yammacin nan aka yi tsawa ta farko a gabas. Mudi ya ce gobe zai koma, ya roƙi a zana masa tsagar a bayan sakaina ya kai wa wanzami.

"Sakaina?" in ji Labo. "Ta fashe a hanya fa? Ko wanzamin naku ya riƙe ta a juye? An yi kuskure sau ɗaya a fuskarka da gangan, ba za a yi na biyu da ganganci ba. Ga ta nan a jikina, ƙafa gare ta. Mu je."

"Baffa, shuka fa?"

"Gero ya jira. Aradu ban taɓa shiga garin masu salla na kwana ba, amma in sun ce in sa wando sai ka ara mini."

Kwana huɗu suka yi a hanya, ruwan farko ya dake su a kusa da Kafur. Suka shiga Malumfashi da hantsi, ƙafafu duk laka, suka tarar da tukunyar ruwan wanka a kan wuta a tsakar gida. Hansai ta sauka kwana biyar da suka wuce. Mace ce.

Ranar suna, bayan an raɗa wa jaririya Lauratu, Mati ya shimfiɗa zabirarsa, ya zaunar da Labo a kan turmi yana fuskantar haske, cikin aron wando da ya tsaya masa a ƙwauri.

"Baba, kada ka motsa, kada ka yi dariya. Yau kai ne allo."

"Kai dai iya karatunka. In ka ƙara ko ɗaya, a kuncinka zan rama."

Mati ya dubi tsohuwar fuska, ya dubi sabuwa, ya ja aska. Uku a dama, uku a hagu, 'yar gajera a goshi. Jaririya ta tsala ihu, mata suka rangaɗa guɗa, Inna Shafa'atu ta juya baya tana share ido da gefen zane. Da ya gama ya goge askar, ya ɗago wa Mudi gira.

"Saura kai, Kunci-Ɗaya. Ga dama nan fili guda. In cike maka?"

Mudi ya shafa kuncinsa na hagu. "Bar shi. Wannan uwata ce ta sa aka rubuta, kuma ya yi aikinsa. Ga ni."

Ya rayu har gemunsa ya yi fari fat a rumfar nan tasa. 'Ya'ya bakwai ya haifa, duk uku-uku da ta goshi. Kowane rani yakan saƙa zane biyu ya kai bayan dutse, ya dawo da daddawa. Duk falken da ya sauka a garin daga arewa, sai ya je ya tambaye shi ko ya taɓa gamuwa da wata baiwa da ke cewa ta bar jariri a juji. Ba wanda ya taɓa cewa e, shi kuma bai taɓa fasa tambaya ba. Ƙwaryar tana gefen masaƙarsa, a ciki yake zuba zaren abawa.

Lauratu kuwa, bakinsa bai taɓa kama sunanta ba. Uwani yake ce mata, kamar yadda ake sakaya sunan yarinyar da ta ci sunan mahaifiya. In aka ce masa, ai ba ka san sunan mahaifiyar taka ba, ta yaya ka san shi ta ci, sai ya ci gaba da jefa ƙoshiyarsa ya ce, "To kai ka san ba shi ba ne?"